Brock Commons Tallwood House

Brock Commons Tallwood House masaukin ɗalibai ne mai hawa 18 a harabar Jami'ar British Columbia da ke birnin Vancouver na ƙasar Kanada. Tsayinsa mita 53 ne, kuma yana ɗaukar ɗalibai 404. Lokacin da aka kammala shi a shekarar 2017, shi ne mafi tsayi a duniya cikin gine-ginen zamani da akasarin jikinsu katako ne.

Tarihi

An fara aikin a watan Nuwamban 2015. Kamfanin Acton Ostry ne ya zana taswirar ginin, injiniyoyin Fast + Epp kuma suka tsara yadda zai ɗauki nauyi. A wancan lokaci dokar lardin British Columbia ba ta yarda ginin katako ya wuce hawa 6 ba, don haka sai da gwamnatin lardin ta fitar da ƙa'ida ta musamman domin wannan aiki.

Tsarin gini

An yi hawa na ƙasa da kankare, haka ma dogayen ɗakuna biyu da matakala da lif ke bi ta cikinsu. Su ne ke riƙe ginin idan an yi iska mai ƙarfi ko girgizar ƙasa. Sauran hawa 17 an tashe su ne da ginshiƙan katako da kuma faffaɗan alluna da ake kira CLT. Kowane allo yana da shimfiɗa biyar da aka manne da gam, kowace a gicciye kan wadda ke ƙarƙashinta, abin da ke hana katakon lanƙwasa. An yanka allunan daidai awo a masana'anta kafin a kawo su, shi ya sa aka ɗora katakon gaba ɗaya cikin ƙasa da kwana 70.

Kariya daga gobara

Tsoron gobara ne babban dalilin taƙaita tsayin gine-ginen katako. An lulluɓe ginshiƙai da alluna da jifsam mai jure wuta, an sa na'urorin feshin ruwa, tare da tankin ajiya na ko-ta-kwana. Saboda wannan lulluɓi, ba a ganin katakon a yawancin ɗakuna, sai a zauren hawa na sama.

Muhalli

Sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki, alhali bishiya tana zuƙar iskar ta adana. An ƙiyasta cewa katakon ginin na riƙe da tan 1,753 na wannan iska. Sai dai amfanin ya dogara ne kan sake dasa itatuwa a inda aka sare.

A shekarar 2019 ginin Mjøstårnet na ƙasar Norway, mai tsayin mita 85.4, ya zarce shi.