Hizob: Ganyen Tsarkakewa da Gardamar Asalinsa

Tun 1977 hukumomin Isra'ila suka saka za'atar na jeji cikin tsire-tsiren da doka ta hana tsinka, wai don kada ya ƙare. Falasɗinawa da yawa sun sha tara a kan ganyen da suka gāji ci da gurasa da man zaitun, har aka sassauta dokar a 2019. A ganina hanin ya wuce gona da iri, domin ƙayyade tsinka ya wadatar. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan ganye na talaka shi ne mafi kusa da zama hizob ɗin da Attaura da Zabura suka ambata.

Sunan daɗaɗɗe ne. Ibraniyawa na cewa ezob, Girkawa suka ce hissopos. A Littafin Fitowa sura 12, da damin hizob Isra'ilawa suka shafa jinin ɗan rago a dogaran ƙofofinsu daren fita daga Masar. A Littafin Firistoci sura 14, idan kuturu ya warke, ana haɗa hizob da itacen al'ul da jan zare, a tsoma cikin jinin tsuntsu, a yayyafa masa sau bakwai. A Littafin Ƙidaya sura 19, da shi ake yayyafa ruwan tokar jar karsana a kan wanda ya taɓa gawa. Daga nan Zabura ta 51 ta mai da shi alamar wankin zuciya, kuma da ayarta Cocin Katolika ya daɗe yana raka yayyafa ruwa mai tsarki kafin Mas.

To, wane tsiro ne? A 1753 Carl Linnaeus ya laƙaba sunan hizob ga wani tsiro mai shuɗin fure na kudancin Turai, wanda har yau ake sayar da mansa da sunan ganyen Littafi Mai Tsarki. Sai dai ba ya fitowa a jejin Falasɗinu, don haka maganarsa ta faɗi. A ƙarni na 19 John Forbes Royle ya ce hizob wata ƙaya ce da Larabawa ke kira asaf, mai fitowa a jikin bango, ya kafa hujja da Littafin Sarakuna na Ɗaya, inda aka ce Sulemanu ya yi magana a kan hizob na jikin bango. Amma wa zai dunƙule ƙaya ya yayyafa wa mutum ruwa?

Ni dai ina tare da za'atar. Ɗan'uwan na'a-na'a ne da ɗoɗɗoya, yana tsirowa a tsagin duwatsu, ganyensa ƙanana masu gashi-gashi, idan ka tsoma damin a ruwa sai ya riƙe shi, ka girgiza ya zubo ɗigo-ɗigo. Sa'adiya Gaon, wanda ya fassara Attaura zuwa Larabci, ya kuma rasu a 942, za'atar ya kira hizob. Haka ma Musa bin Maimun, da ya rasu a Masar a 1204. Mishna kuwa, kundin dokokin Yahudawa, ta riga ta soke hizob na Girka da na Rum a aikin tsarkakewa. Samariyawa na Dutsen Gerizim kusa da Nablus har yanzu da shi suke shafa jinin hadayar Idin Ƙetarewa.

Ƙulli ɗaya ya rage. A Linjila, Yohanna ya ce a kan hizob aka miƙa wa Yesu soso mai ruwan tsami sa'ad da yake kan gicciye, Matiyu da Markus kuwa kara suka ce, ga shi reshen za'atar ba shi da ƙwarin ɗaukar jiƙaƙƙen soso. A ƙarni na 16 Joachim Camerarius ya ce kuskuren masu kwafa ne, mashin soja ake nufi. Ban yarda ba. Tsofaffin kwafe-kwafen Linjilar hizob suke ɗauke da shi, kuma Yohanna tun surarsa ta farko ya ruwaito an kira Yesu Ɗan Ragon Allah. Da gangan ya ambaci ganyen da aka shafa jinin ɗan rago da shi, don mai karatu ya gane hadayar da yake nufi.