Waƙar jazz: yadda mawaƙi ke sarrafa tsohuwar waƙa tare da makaɗa

A duniyar jazz ba a auna mawaƙi da yawan waƙoƙin da ya ƙirƙira, sai dai da abin da ya iya yi da waƙar da kowa ya sani. Akasarin waƙoƙin da ake rerawa an rubuta su ne a Amurka tsakanin shekarun 1920 da 1950, domin wasannin dandamali da finafinai, daga alƙaluman mutane irin su George Gershwin da Cole Porter da Irving Berlin. Su ake kira "standard", wato waƙoƙin da suka zama na kowa.

Da yawansu gini ɗaya gare su: gaɓa 32, a kasa huɗu, kowane kashi gaɓa takwas. Kashi na farko da na biyu da na huɗu karinsu ɗaya. Na uku, wanda ake kira gada, shi ke sauya hanya. "Body and Soul" ta 1930 misali ce. Wannan lissafi shi ne abu na farko da ɗan koyo zai riƙe, domin bayan ya rera waƙar sau ɗaya yakan yi shiru, mai piyano ko mai saksofon ya ɗauki zagaye yana ƙaga nasa karin. Mawaƙin da bai ci gaba da ƙirga a zuci ba zai shigo a kan gada alhali makaɗa sun koma farko, kuma masu sauraro za su gane nan take. Kafin a fara ma, shi ne zai faɗi matakin da ya dace da muryarsa, ya kuma ƙirga saurin da yake so. Makaɗan ba 'yan amshi ba ne, abokan zance ne.

Sai batun lokaci. Billie Holiday ba ta da faɗin murya, amma takan jinkirta kalma ta faɗo kaɗan bayan bugun ganga, ta rage hawa da saukar kari, har waƙar soyayya mai sauƙi ta koma tamkar shaida a gaban alƙali. Ita da kanta ta ce daga faya-fayan Bessie Smith da Louis Armstrong ta koya. Zuwan makirufo cikin ɗaukar sauti a 1925 shi ya ba irin wannan murya dama, tun da ba sai an ɗaga ta sama da ƙahonni ba.

Akwai kuma sikat, wato rera sautuka marasa ma'ana, murya ta koma kayan busa. Armstrong ne ya yayata shi da "Heebie Jeebies" da ya ɗauka a Chicago a 1926, ko da yake an riga shi yi. 'Yan koyo sun fi ɗokin wannan fanni, kuma a nan suka fi faɗuwa, domin wanda bai san sautukan da piyano ke bi a ƙarƙashin kari ba, surutu kawai zai yi.

Ella Fitzgerald ta haɗa duka. Ta ci gasar sabbin mawaƙa a zauren Apollo na Harlem a 1934, ta goge a ƙungiyar Chick Webb, ta kuma jagorance ta bayan rasuwarsa a 1939. Daga 1956 zuwa 1964 ta fitar da jerin faya-faye takwas a kamfanin Verve, kowane jeri na waƙoƙin marubuci ɗaya ko abokan rubutu biyu, inda ta bi kari da kalmomi sau da ƙafa. A Berlin kuwa, a 1960, baitocin "Mack the Knife" suka kuɓuce mata a tsakiyar waƙa. Ta ci gaba da ƙaga wasu a kan ginin, har da kwaikwayon muryar Armstrong, makaɗan suka bi ta. Wannan ɗauka ta samo mata lambar Grammy.