Dumsor da Teburin Caji a Malam

Kai da ke shigo da shanu ta Paga, ko kake sauke albasar Galmi a Akra (tsofaffinmu Ankara suke ce mata), ka san teburin nan na mai caji: ƙaramin janareta na ƙara, wayoyi jere kamar kifi a kan tire. To, sana'ar nan tana da tarihi.

Wutar Gana ta daɗe tana dogara da ruwa. A Janairun 1966 Kwame Nkrumah ya buɗe madatsar Akosombo a kan kogin Volta. Duk shekarar da ruwa ya ja baya, wuta ta bi shi. An gani a farin 1983, an sake gani a 1998, da kuma 2006 zuwa 2007. A farkon lamarin batirin mota ake kaiwa caji, a dawo da shi gida a kunna talabijin.

Babbar wahalar ta zo a Agustan 2012, lokacin da ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun gas da ke tasowa daga Najeriya, a gaɓar Togo. Tashoshin wuta suka rasa makamashi. Mutane suka raɗa wa abin suna dumsor, wato "kashe, kunna" da yaren Twi. A 2015 jadawalin ya kai awa 24 babu wuta, awa 12 akwai. Abin haushi, Malam na da babbar tashar rarraba wuta ta GRIDCo, amma maƙwabtanta ma a duhu suke kwana. Haka Nima da Maamobi.

Ka tuna, a lokacin waya ta riga ta zama aljihu, don tun 2009 MTN ta fara tura kuɗi ta waya. Idan wayarka ta mutu, dillali ba zai same ka ba, kuɗin sa bai shigo ba, direban tirela na can yana jira. Nan ƙaramin Tiger ya samu kasuwa. Inji ne da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa bai kai wat dubu ba, amma cajar waya wat biyar take ci, don haka inji ɗaya na ɗaukar wayoyi da dama. Wayoyin kuma batirinsu na cirewa ne: ka bar batir, a manna masa lamba, ka tafi da wayarka. A ganina wannan lambar ita ce jarin sana'ar, domin amana ce ake sayarwa.

Wutar injin ba ta da natsuwa, tana ƙona caja. Hayaƙinsa kuma kisa yake yi idan aka shigar da shi ɗaki aka rufe ƙofa, don gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

A ƙarshen 2015 jirgin wuta na Karpowership daga Turkiyya ya iso Tema, abin ya fara sauƙi. A rugage kuwa, faifan sola ne ke ta ƙwace wa injin aiki.