Cocin Lutheran da Katolika: asalin saɓani da sulhun shekarar 1999

Kiristocin jahar Tawa ƴan tsiraru ne a cikin Musulmi, amma su ma reshe biyu ne. Katolikan Madawa, Buza da Keita suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi, wanda aka kafa kujerarsa a 2001. Ɗaya reshen ya fito ne daga aikin mishan na SIM, masu asibitin Galmi da aka buɗe a 1950. Wannan rabuwa ta samo asali ne a Jamus, sama da shekaru 500 da suka wuce.

Mafarin saɓani

A 1517 Martin Luther, limamin Katolika kuma malamin jami'ar Wittenberg, ya rubuta batutuwa 95 yana sukar sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi. Tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce: ta yaya mai zunubi yake samun karɓuwa wajen Allah? Luther ya ce ta alherin Allah ne kaɗai, ta hanyar bangaskiya, ayyukan kirki kuwa suna biyo baya kamar yadda itace ke ba da ƴaƴa. Ya kuma ɗora Littafi Mai Tsarki bisa hukuncin Paparoma. A 1521 Paparoma Leo na 10 ya kore shi daga coci.

A 1530 mabiyansa suka miƙa wa Sarki Charles na 5 bayanin aƙidarsu a birnin Augsburg, wanda Philip Melanchthon ya tsara. Katolika ta mayar da martani a taron Trent (1545 zuwa 1563), inda ta jaddada cewa mutum yana ba alherin Allah haɗin kai, kuma ayyukansa suna da lada. Kowane ɓangare ya yi tir da koyarwar ɗaya, aka zauna a haka kusan shekaru 400.

Komawa teburin shawara

Babban taron Vatikan na biyu (1962 zuwa 1965) ne ya buɗe ƙofa. A 1967 malaman ɓangarorin biyu suka fara zama a hukumance. Ranar 31 ga Oktoban 1999, a Augsburg, Vatikan da Tarayyar Cocin Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa. Sun amince cewa ceto kyautar Allah ce ta bangaskiya ga Almasihu, ba cancantar mutum ba, kuma hukuncin tir na ƙarni na 16 bai shafi koyarwar da aka bayyana a takardar ba. A 2016 Paparoma Francis ya je Lund ta ƙasar Suwidin, ya yi addu'a tare da shugabannin Lutheran.

Har yanzu da sauran rina a kaba. Ba a daidaita kan ikon Paparoma ba, ko naɗa mata limamai, ko cin Jibin Ubangiji tare. Wannan na ƙarshe ya fi damun ma'auratan da suka fito daga coci daban-daban. Wasu cocin Lutheran, kamar reshen Missouri na Amurka, sun ƙi sanarwar.

Alaƙa da masu jin Hausa

A 1913 likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya fara aikin mishan a Numan ta jahar Adamawa a Najeriya. Daga nan cocin LCCN ya fito, wanda ke ibada da Hausa a majami'u da dama. Shugabansa, Akbishop Musa Panti Filibus, ya jagoranci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 2017 zuwa 2023, kuma ya gana da Paparoma Francis a Vatikan.

A Nijar kuwa, cocin EERN da ya gaji aikin SIM memba ne na ƙungiyar cocin Reformed ta duniya, wadda ta amince da sanarwar 1999 a Wittenberg a 2017.