Allon rubutu na waya da tarihin haruffa huɗu masu ƙugiya

Wata Asabar, bayan an tashi taron iyayen yara, wani uba ya tsayar da ni a bakin ƙofar lakwal ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Mushe, ɗana ne ya sa mini wani abu a ciki, wai don in riƙa rubuta Hausa daidai. To da zai kunna shi sai wani gargaɗi ya fito da Faransanci. Duba mini, in bar shi ko in cire?" Abin da yaron ya sa allon rubutu ne, wato jerin haruffan nan da ke tasowa daga ƙasan waya in za ka rubuta saƙo, wanda ƴan boko ke kira clavier. Gargaɗin kuwa cewa yake wannan allo zai iya tattara duk abin da aka rubuta da shi, har da lambobin sirri. Wayar ta zo da nata allon tun daga kanti. Me ya kai yaron sauko da wani? Haruffa huɗu ne suka kai shi: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Kuma rigimar waɗannan haruffa da na'urori ta girme ni, ta girmi uban yaron.

Kakanninmu da suka yi rubutu da ajami ba su sha wannan wahala ba, domin alƙalami ba ya gardama. Malami ya ɗauki ƙaf ya ba ƙ, ya bar kaf ga k, ya ɗauki harafin nan na Larabci mai hannu a sama ya ba ɗ. Inda Larabci bai tanadi harafi ba, sai ya ƙara ɗigo ko ya bar mai karatu ya gane da kansa. Matsala ta fara ne da Turawa suka ɗauko haruffansu 26 suka ce za su rubuta Hausa da su. Littattafan farko wasu ba su ma bambanta baki da baƙi ba. Wasu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafi a gefensa. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, amma ƙugiyar da muka sani yau ba ta zo ba sai daga baya. Ta fito ne daga wani tsarin haruffa da wata cibiyar nazarin harsunan Afirka da ke Landan ta shirya a ƙarshen shekarun 1920, ƙarƙashin wani masani Bajamushe, Diedrich Westermann. A shekarun 1930 Rupert East da abokan aikinsa a Zariya suka rungume ta, kuma a can ne aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A tuna cewa a wancan zamani kowane harafi ɗan ƙarfe ne da ake zubawa a jera da hannu. Kafin ƙ ta hau takarda sai da aka biya kuɗi aka ƙera ta.

Mu nan ɓangaren Faransa labarinmu daban ne. Lakwal ba ta san da Hausa ba sai a matsayin laifi, kuma waɗanda suka rataya sambal a wuya saboda sun yi magana da harshen uwarsu a farfajiyar makaranta suna nan da ransu, wasunsu ma suna karanta wannan. Sai bayan samun ƴancin kai, da aikin yaƙi da jahilci ya kankama, aka fara tambayar yadda za a rubuta harsunanmu. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita haruffan Hausa, Fulatanci, Barbarci, Zabarmanci, Buzanci da harsunan Mande. Daga nan ne Nijar ta ɗauki al'adar ninka wasali mai tsawo, abin da ake gani ko a sunan jaridar yaƙi da jahilci ta wancan lokaci, Gangaa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. A 1978 aka sake wani taron a Yamai kan haruffan Afirka baki ɗaya, a farkon shekarun 1980 muka bar ninka wasali muka matso kusa da rubutun Najeriya, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idar rubutun harsunan ƙasa. Bambanci ɗaya da ya rage a fili shi ne mu muna rubuta ƴ, su suna rubuta y da waƙafi a gabanta.

Duk wannan a takardar doka ne. A cikin buro kuwa abin da ke kan tebur keken rubutu ne na Faransa, mai jerin AZERTY, wanda ke da é da è da ç amma bai san ƙugiya ba. Lokacin da nake makarantar horar da malamai na ga yadda ake yi. Sakatare ya buga darasin Hausa a kan takardar kakin nan ta roneyo da b da d da k tsirara, sannan a kira mu mu biyu ko uku mu zauna da abu mai tsini muna bi layi layi muna lanƙwasa wa kowane harafi kansa. In ka danna da ƙarfi takardar ta yage, tawada ta malale. In ka yi sanyi ƙugiyar ba ta fito ba. In kuma yunwa ta kama ku a shafi na huɗu, to daga nan har ƙarshen darasi ƙasa ta zama kasa, saƙo ya zama sako. Na daɗe ina ganin wannan aikin a matsayin horo. Yanzu da na waiwaya, a nan ne na koyi inda ƙugiya take a kowace kalma, don sai da na nemo ta da idona.

Kwamfuta ta warware matsalar tun da wuri, amma a can sama inda ba mu gani. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya fito a 1991 kuma haruffanmu suna ciki. Wani abin lura shi ne ba a ajiye su wuri ɗaya ba: ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin masu nazarin furuci, manyansu tare da ƙ da ƴ suna wani rukuni dabam. Shi ya sa wani lokaci ka buɗe takarda ka ga ƙ ta fito lafiya amma ɗ ta zama ɗan akwati, ko ta fito da wata siffa kamar baƙuwa a cikin kalmar. Wanda ya zana salon haruffan ne ya ɗauki rukuni ɗaya ya bar ɗaya.

Abin da ya fi yi wa ƙugiya ɓarna a ganina shi ne ƙaramar wayar hannu. Salula ta fara yaɗuwa a Nijar daga 2001, kuma cikin ƴan shekaru mutanen da ba su taɓa rubuta wasiƙa da Hausa ba suka fara aika saƙo da ita. Wannan alheri ne babba, ban musa ba. Amma maɓallan wayar tara ne ko goma sha biyu, ka danna 5 sau biyu ka samu k, kuma ko ka danna har gobe ƙ ba za ta fito ba. Dalilin yana cikin tsarin saƙon kansa. An gina shi a Turai da jerin haruffa ƙayyadaddu, wanda ke ba ka damar rubuta har 160 a saƙo ɗaya. Akwai é da à a jerin, babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ko da wayoyin da ke iya rubuta su suka zo, harafi ɗaya tak daga wajen jerin yana mayar da iyakar saƙon 70. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a matsayin guda, in ka sa masa ƙ ɗaya sai ya rabu uku, a cire maka kuɗin uku. Wato akwai lokacin da rubuta Hausa daidai tara ce ake biya. Wa zai zargi mai shago da ya bar ƙugiya? Shekara goma da wani abu aka yi a haka, kuma a cikinsu ne iyayen yaran da nake koyarwa yau suka saba da rubutu.

Ina ganin sakamakon a kaye. Yaro ya rubuta "an kare" yana nufin an ƙare, ka gyara masa, ya ce ai haka babansa ke rubutawa a WhatsApp. Mutane kan ce ai ana ganewa daga yanayin magana, kuma gaskiya ne ga babba wanda ya iya karatu. Yaro ɗan aji biyu da ke haɗa baƙi da wasali yana furtawa bai kai nan ba tukuna. Abin da ya gani shi yake faɗa. Kuma ko babba, ranar da aka aiko masa "ta yi bari" daga gida, sai ya tsaya ya sake karantawa.

Wayar shafa ta zo da wani sabon abu: haruffan ba ƙarfe ba ne, ba roba ba ne, zane ne a kan gilashi, ana iya sauya shi. iPhone ta fito a 2007, Android a 2008, kuma tun 2009 Android ta yarda mutum ya cire allon da ya zo da waya ya sa na wani kamfani. Apple ba ta buɗe wannan ƙofa ba sai 2014. SwiftKey ya fito a 2010, Microsoft ta saye shi a 2016, shekarar da Google ta fitar da Gboard. Dukansu biyu suna da Hausa a jerin harsunansu. Akwai kuma Keyman na ƙungiyar SIL, wanda aka yi musamman don harsunan da manyan kamfanoni suka manta da su. A karo na farko tun zamanin Vischer, talaka zai iya samun ƙugiyarsa ba tare da jiran maƙeri ko ma'aikatar gwamnati ba.

Sai dai gargaɗin da ya tsorata uban nan ba ƙarya ba ne. Keken rubutu ba ya tuna abin da aka buga da shi. Allon waya kuwa yana gani, yana koyo, wani ma yana aikawa ta intanet don ya ƙara iya hasashen kalmar da za ka rubuta. Lambar sirrin asusun kuɗinka, saƙonka ga matarka, sakamakon jarrabawar yara, duk ta kansa suke bi. A ƙarshen 2017 aka gano bayanan mutane kimanin miliyan 31 masu amfani da wani allo mai suna ai.type a ajiye a intanet ba ko makulli, har da lambobin waya da sunayen mutanen da ke cikin wayoyin wasunsu. Kuma kada a ɗauka wanda ya zo da waya tsarkakakke ne don kawai ya zo da ita. A 2024 masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto suka nuna cewa alluna da dama na rubuta Sinanci, ciki har da waɗanda kamfanonin waya ke sawa tun daga masana'anta, suna da kafar da mai leƙen asiri zai iya karanta abin da ake bugawa. Gargaɗin Android ɗin, a sani, yana fitowa ne ga kowane allo da aka sauko da shi, nagari da mugu. Ba ya gaya maka wanne ne wanne.

Ga inda na tsaya. Kafin a sauko da komai, a shiga saitin allon da ke cikin wayar a nemi jerin harsuna. Wayoyi da yawa da ke kasuwar Maraɗi ko ta Tawa suna zuwa da Gboard a ciki, masu su ba su sani ba, suna ta fama da Faransancin da ke mayar musu da sai ta zama sais. In Hausa tana nan, a ƙara ta, magana ta ƙare. In ba ta nan, a ɗauki ɗaya daga cikin sanannun nan daga Play Store, a duba sunan kamfanin da ya yi shi. Waɗanda nake ƙi su ne alluna masu furanni da walƙiya da hoton ƴan ƙwallo, waɗanda yara ke tura wa juna daga waya zuwa waya, masu neman izinin shiga lambobin mutane da hotuna da wurin da kake. Allon rubutu ba shi da aiki da hotunanka. Sannan a yi gwajin da nake yi: a danne b, d, k, y ɗaya bayan ɗaya a riƙe. Na huɗun shi ne namu na Nijar, kuma shi ne aka fi mantawa, tunda yawancin masu yin waɗannan alluna Najeriya suke kallo. Wanda yatsunsa suka saba da AZERTY ya duba, wasu alluna suna barin ka riƙe jerinka ka ƙara harshe.

Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, takardu da sanarwa da darussa za su ƙaru da Hausa, kuma mafi yawansu a waya za a fara buga su, a rukunin malamai ko na iyaye.

Uban nan ya dawo ranar Litinin. Allon da ɗansa ya sa na walƙiya ne, kuma da muka gwada shi ƙ da ɗ sun fito, ƴ ba ta fito ba. Muka cire shi. Muka shiga saitin na asali muka tarar da Hausa tana nan zaune tun ranar da ya sayi wayar, shekara biyu ke nan. Na nuna masa yadda zai riƙe yatsa a kan k. Ya gwada sau uku, ya rubuta sunan ƙauyensu, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ni ko wanda zai aika wa zai ga ƙugiyar ko akwati zai gani. Na ce ya aika wa ƙanensa da ke Agadas mu gani.