Sabo da Magungunan Kashe Raɗaɗi: Alamomin Yankewa da Yadda Ake Dainawa

Tiramadol da aka fi sani da tiramol, da kodin, da mofin, da allurar fentazosin duk dangi ɗaya ne. Likita kan rubuta su bayan tiyata, ko karaya, ko tashin ciwon sikila. Idan ka shafe makonni kana amfani da su kullum, jiki kan saba, adadin da ke kwantar maka da ciwo ya daina isar ka. Hakan kan faru ko da ka bi umarnin likita. Lalura ce, kuma ana maganinta.

Alamomin yankewa

Sukan fara awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe, su tsananta a kwana na biyu ko na uku, su lafa cikin kwana 4 zuwa 10:

- yawan hamma, hawaye da yoyon hanci
- gumi da tashin tsikar jiki
- ciwon gaɓoɓi da murɗar ciki
- amai da gudawa
- rashin barci, fargaba da saurin fushi

Kada ka daina lokaci guda

Likita zai tsara maka ragewa kaɗan-kaɗan, ya ba ka maganin amai, gudawa da asalin ciwon. Mai juna biyu kada ta yanke da kanta, domin cikin na iya zubewa. Kada ka cike giɓi da na kasuwa: NAFDAC ta amince ne da tiramadol mai miligiram 50 da 100, ba mai 225 ba, kuma yawan sa na jawo farfaɗiya. Maganin tari mai kodin kuwa an haramta sarrafa shi da shigo da shi tun 2018.

Babban haɗari

Bayan ka daina, sabon jiki yana raguwa. Komawa kan adadin da ka saba sha a da na iya tsayar da numfashi. ’Yan uwa, idan kun ga numfashinsa ya ja baya, ƙwayar idonsa ta tsuke, ko ya ƙi farkawa, ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya asibiti.

Inda za ka je

Daga Tsafe ko Bunguɗu, fara da babban asibitin garinku. A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In da buƙata, za a tura ka Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, jihar Sakkwato. Tafi da kwalin maganin, ka faɗi ainihin adadin da kake sha, domin a kansa likita zai tsara ragewar.