Tarihin Gwajin Suga Na Wata Uku: Daga Tehran Zuwa Gidajenmu



A 'yan shekarun nan mutanenmu da dama suna dawowa daga asibiti da magana ɗaya: likita ya ce ba su kamu da ciwon suga ba tukuna, amma suna bakin ƙofa. A takardarsu za a ga an rubuta HbA1c, da lamba a gefensa. Wasu ma har sun fara neman kayan gwajin da ake yi a gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wannan gwaji, domin wanda ya san asalin abu shi ya san inda zai dogara da shi da inda zai yi hattara.

A da, fitsari ake dubawa. Masu magani na ƙasar Indiya sun daɗe da lura cewa tururuwa na taruwa a kan fitsarin wasu majinyata. A 1674 likita Thomas Willis na Ingila ya rubuta cewa fitsarin nan yana da zaƙi kamar zuma, a 1776 kuma Matthew Dobson ya ƙafe shi ya tarar da suga a ƙasa. Sai dai suga ba ya fita a fitsari sai ya yi yawa ƙwarai a jini. Wanda ke bakin ƙofa, fitsarinsa ba ya nuna komai.

A 1965 kamfanin Ames na Amurka ya fito da Dextrostix, ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini ya sauya launi. Daga shekarun 1980 ƙananan na'urorin karanta suga suka bazu a gidaje. Amfaninsu babba ne, amma sugan wannan lokacin kawai suke faɗa. Kafin tuwo lamba daban, bayan tuwo daban.

Gwajin wata uku ya fito ne daga hannun wani likita ɗan Iran, Samuel Rahbar. Shi ba ciwon suga yake bincike ba. Yana tantance jinin mutane ne a Tehran don gano ire-iren himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda bambancinsa ne ke haifar da cututtuka irin sikila. A cikin aikin ya ga wani sashe na daban ya yi yawa a jinin masu ciwon suga, ya buga sakamakon a 1968. Daga baya a Amurka aka tabbatar cewa himogulobin ne da suga ya manne masa. Tunda jar ƙwayar jini takan rayu kimanin kwana 120, yawan sugan da ya manne mata yana ba da labarin wata biyu zuwa uku da suka wuce. A 1976 Anthony Cerami da abokan aikinsa suka nuna cewa za a iya bibiyar majinyata da shi.

Abin da ya kafa gwajin shi ne wani babban bincike a Amurka da Kanada, wanda ya bi mutum 1,441 masu ciwon suga, aka fitar da sakamakonsa a 1993. An ga cewa idan lambar ta sauka, lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi na raguwa. A 2010 Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Amurka ta tsayar da iyaka: kashi 6.5 cikin 100 zuwa sama ciwon suga ne, 5.7 zuwa 6.4 kuwa shi ne bakin ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da iyakar 6.5 a 2011.

Mai lamba 5.7 zuwa 6.4 yana da sauran dama. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutum sama da 3,000 da ke wannan mataki, ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage ƙiba da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a kimanin shekara uku. Masu shan ƙwayar metformin tasu ta ragu da kashi 31.

Yau akwai kayan gwajin da mutum zai tsaga yatsa a ɗakinsa ya ga lamba cikin 'yan mintuna. To a nan ne tarihin Rahbar ya shafe mu kai tsaye. Gwajin ya dogara ne a kan irin himogulobin ɗin mutum da tsawon ran ƙwayoyin jininsa. A Najeriya kuwa kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma wasu kayan gwajin sukan rikice da jinin AS ko AC. Mai SS ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, don haka lambarsa za ta fito ƙasa ko da sugansa ya hau. Lambar kan iya fitowa ba daidai ba kuma ga mai juna biyu, da wanda ya zubar da jini ko aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, da mai ƙarancin jini. Irin waɗannan, likita kan fi dogara da gwajin safe kafin a ci komai, inda 100 zuwa 125 ke nuna bakin ƙofa.

Don haka duk wanda zai sayi kayan gida, ya fara sanin rukunin jininsa, AA ne ko AS ko wani, ya tambayi likita ko kayan sun dace da shi. Ya duba ranar lalacewarsu, ya kiyaye su daga zafi. Maimaita gwajin kowane mako asarar kuɗi ce, tunda lambar sai bayan watanni take nuna canji. Kuma lambar gida ba ta yanke hukunci, sai an tabbatar da ita a asibiti.

Mu isar da wannan ga iyayenmu da 'yan uwan da ba sa hawa intanet. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.